Rediyo Da Durowar Da Ta Ƙi Shiga Waya

Ba wanda ya riƙe ranar da aka laƙa masa suna Rediyo, amma kowa ya san dalili. Mahaifinsa bakanike ne. Tun yana yaro a gareji, idan aka aike shi ya miƙo sifana, sai ya dawo da sifanar haɗe da labarin abin da ya gani a hanya, alhali akwatin kayan aikin yana nan cikin rumfar garejin. Mahaifin yakan leƙo daga ƙarƙashin mota, fuska duk baƙin mai, ya ce, "Don Allah a nemo mini inda ake kashe yaron nan." Har tsohon ya bar duniya ba a gano wurin ba.

Ya yi makaranta daidai gwargwado, ya iya karatu da rubutu sosai, amma sitiyari ya fi alli jan hankalinsa. Ya fara da ƙaramar motar kaya, ya koma babba, daga ƙarshe ya zauna a kan tirela, yana ɗaukar duk abin da kamfani ya loda masa: siminti, tayil, takin zamani, kwalayen tangaran. Ya auri tela, mace mai ƙarancin magana da kaifin ido, wadda takan ce ita ba ta taɓa sayen rediyo ba don an kawo mata har ɗaki. Yaransu suka girma suka kama gabansu. Auta, wadda ta zama ma'aikaciyar jinya, ita ce ta ƙarshen barin gida, kuma da za ta tafi ta bar tsohuwar kwamfutarta a kan tebur, kusa da keken ɗinkin uwarta.

"Baba," ta ce, "labaran nan da kake zubarwa a tasha kyauta, iska ce ke kwashe su. Zauna in nuna maka wani abu."

Abin da ta nuna masa manhaja ce ta masu rubuta littafi. Sunanta ya ƙi zama a bakinsa, sai ya sa mata Durowa, saboda yadda take aiki: kowane babi da nasa ma'aji, kowane mutum na cikin labari da nasa, kana iya ɗauko na ƙasa ka mai da shi sama ba tare da komai ya zube ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana jera kaya a bayan mota, mai nauyi a ƙasa, mai fashewa a tsakiya, nan take ya gane kan abin. Da yatsu biyu ya fara, kamar kaza na tsattsagar hatsi. Kafin hutunsa ya ƙare ya rubuta babin farko na labarin wani wa da ƙaninsa, waɗanda ba sa ga maciji da juna, suka gaji mota guda daga ubansu, dole ta sa suke tafiya tare. Da bakin wan yake ba da labarin, kamar shi abin ya faru da shi.

Daɗin da ya ji ba ya faɗuwa. Ya riƙa zagaya ɗaki yana karanta wa matar da ƙarfi, tana taka keke tana gyaɗa kai, allura a bakinta.

Matsalar guda ce. Durowa tana kan tebur a gida, shi kuwa rayuwarsa tana kan titi. Kuma a kan titin labarin ke zuwa masa. Aikin direban tirela rabinsa tuƙi ne, rabinsa jira: layin lodi, layin sikeli, layin sauke kaya, ga zaman jiran takarda daga hannun akawun da ya tafi cin abinci. A irin wannan zaman ne wan da ƙanin ke fara cacar baki a cikin kansa, magana mai daɗi, amsa mai zafi. Kafin ya iso gida rabinta ta bi iska.

Ana nan sai wata rana ya buɗe kwamfuta ya ga sanarwa. Masu Durowa sun ce suna ƙera ta waya, wadda za ta riƙa magana da ta kwamfuta. Abin da ka rubuta a hanya, za ka zo ka tarar da shi a gida, a cikin ma'ajinsa. Za ta fito kafin ƙarshen shekara.

Rediyo ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Maman yara, zo ki gani. Ni aka yi wa wannan. Wallahi kamar sun shiga motata sun zauna."

"To a bari ta zo tukuna," in ji ta. "Ba a yanka wa ɗan da ke ciki riga."

Bai saurare ta ba. Satin nan ya canza waya, ya samo mai faɗin fuska don manyan yatsunsa su sami wurin sauka. Ya sa aka ɗaura masa mariƙin waya kusa da sitiyari, ya sayi tabarau na karatu na biyu ya ajiye a mota. Duk tashar da ya tsaya sai ya ba da labari. Amininsa Dogo, wanda suka fara tuƙi tare kuma har yanzu kamfaninsu ɗaya, ya ji zancen har ya haddace.

Shekara ta ƙare, shiru. Aka fitar da wata sanarwa: ana ƙarasa gyare-gyare, nan ba da jimawa ba. Damina ta zo ta wuce. Aka ce an kusa. Aka nuna hoton fuskar manhajar a kan waya, kyakkyawa, ma'ajiyoyi a jere kamar haƙoran amarya, Rediyo ya buɗe hoton ya yi ta kallo har cajin wayarsa ya yi ƙasa. Daga nan kuma aka sake yin ɗif.

Dogo ya samu abin tsokana. Da zarar sun haɗu wurin mai shayi sai ya ɗaga murya: "Rediyo, amarya ta tare kuwa?"

"Tana hanya."

"Wannan hanya da nisa take. Ko a jaki aka ɗoro ta, ai da ta iso."

Ya gwada wasu manhajojin. Wata ta cika talla, kana tsakiyar faɗan wa da ƙani sai ga hoton takalmi. Wata ta zuba masa komai a shafi ɗaya mai tsawo kamar igiyar guga, ba ka gane kai balle gindi. Ya goge su duka. Dabarar da ta zauna masa ita ce ta saƙo: duk abin da ya zo masa a layi, sai ya rubuta ya tura wa matarsa, in ya dawo gida ya kwafe cikin Durowa. Wahala ce, don saƙonnin kan cakuɗe da na cefane da na masu ɗinki, amma ta haifar da abin da bai zata ba. Maman yara ta kamu. Matar da ba ta cika magana ba ta fara aiko masa da amsa: ƙanin nan ya cika baki, wan kuma ya fiye zurfin ciki, kuma ina matar wan, ko ita ba ta da bakin magana ne?

Ranar da abin ya fashe, tangaran ya ɗauko, kwalaye cike da faranti da kofuna, irin kayan da Manajan kamfaninsu ke bin direba har bakin ƙofa yana cewa a bi a hankali. Da hantsi ya tsaya a gindin wani dutse don injin ya huce. A nan ne wurin da ya daɗe yana nema a labarin ya sauko masa gaba ɗaya. Ya rubuta da sauri: "Birki ya ƙi ci. Mota ta kwanta a gindin gada, kaya duk sun tarwatse. Ni dai na fito da raina, amma ban san halin da ɗan'uwana ke ciki ba." Ya tura, ya tada mota, ya shiga cikin duwatsu inda babu sabis ko na rantsuwa.

Bai lura ba, sunan Manaja ne a saman jerin saƙonninsa.

Abin da ya faru a ofis daga baya aka ba shi labari, kuma kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Manaja ya kira shi, ba ta shiga. Ya tada janwe mai jawo motar da ta lalace, ya sa a nemo duk gadar da ke kan hanyar. Sannan ya daure ya kira Maman yara, yana ta kame-kame, yana neman yadda zai sanar da ita.

"Ki yi haƙuri, ki kwantar da hankalinki. Maigidanki ya aiko da saƙo, wai mota ta kwanta a gindin gada."

Ta ce, "Ta faɗi ke nan. Ai tun shekaranjiya nake jira. To ƙanin fa, ya rayu?"

Manaja ya cire wayar daga kunnensa ya dube ta.

Da Rediyo ya fito daga duwatsu, wayarsa ta riƙa ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Tangaran ya isa lafiya, ko kofi ɗaya bai tsage ba, amma wannan bai hana shi tsayawa gaban teburin Manaja da hula a hannu ba. Manaja ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Da ya gaji, ya sha ruwa, ya dubi takardun gabansa, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Wai ƙanin ya mutu ne?"

"Ban yanke ba tukuna, ranka ya daɗe."

"Fita ka ba ni wuri."

A tasha kuwa ya zama abin nuni. Dogo ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Rediyo ya yi tasa dariyar, amma ta ciki na ciki. Ya iso gida a cike fam, bai ko cire takalmi ba ya zauna gaban kwamfuta, ya sa Auta a waya ta nuna masa yadda ake shiga dandalin intanet na masu amfani da Durowa.

Can ya tarar ba shi kaɗai ke jiran gawon shanu ba. Ga wata malamar makaranta da ke son yin rubutu a bas, ga wani mai gadi, ga wata mai shayarwa da ta ce hannu ɗaya kawai ya rage mata. Kowa na tambayar abu guda: yaushe? Wasu sun yi fushi sun tafi. Wasu suna zagi. Rediyo ya gyara zama ya rubuta nasa. Ya ba da labarin tangaran tun daga farko har ƙarshe, da janwe, da Manaja, da tambayar Maman yara. Ya rufe da cewa shi direba ne, ya san mota kan lalace a hanya, amma bai taɓa ganin direban da zai bar masu kaya a tsaye shekara da shekaru yana ce musu ga shi nan a kwana ba. Alkawari kaya ne, in ya yi muku nauyi ku faɗa a taya ku saukewa.

Washegari ya tarar da amsoshi sun yi tsiri. Mutane na dariya, suna cewa ya faɗi abin da ke ransu. Malamar makarantar ta ce a naɗa shi shugaban masu jira. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai, don Rediyo bai taɓa ganin taron da ya fi ƙarfinsa ba. Daga ranar, duk dawowar da zai yi sai ya shiga ya ajiye sabon ƙorafi: yau a layin siminti ya rasa wata magana mai tsada, gobe ya ce furfurarsa ta ƙaru da kaza tun sanarwar farko. Har ya zamana in ya kwana biyu bai leƙo ba ana cigiyarsa.

Maman yara ce ta fara taka masa birki.

"Malam, ina babin da ka ce za ka ƙarasa? Ka bar ƙanin mutane kwance a gindin gada, kana can kana shugabancin masu tsaki."

Gaskiya ta faɗa, kuma ta yi masa ciwo.

Bayan 'yan makonni, yana zaune a inuwar motarsa a layin lodi, yana cin burodi, sai ga kira daga lambar da bai sani ba. Muryar mace ce, a gajiye amma a natse. Ta ce ita ce injiniyar da ke ƙera Durowar waya, ta samu lambarsa daga bayanan da ya cike a dandali, in ba zai damu ba tana son magana da shi.

Rediyo ya ajiye burodin ya miƙe tsaye, kamar tana ganinsa.

"'Yata," ya ce, "ku nawa ne a wurin nan?"

"Mu biyu ne, Baba. Ni da abokin aikina. Shi yana riƙe da ta kwamfuta, ni ina kan ta waya."

A ransa ya daɗe yana hango wani dogon bene cike da samari masu lanƙwasa wuya a kujeru masu juyawa, suna shan sanyi suna dariyar talakawa. Mutum biyu bai taɓa zuwa masa ba.

Ta yi masa bayani ba tare da kwana-kwana ba. Sun gama ta farko tun tuni, tana aiki, kyakkyawa. Amma in mutum ya yi rubutu a waya inda babu sabis, aka kuma taɓa babin a kwamfuta, to ranar da biyun suka haɗu sai ɗaya ta cinye ɗaya. Ta ga ba za ta iya miƙa wa mutane abin da zai haɗiye musu littafi ba. Ta rushe, ta sake daga tushe.

"To me ya hana ku faɗa?" in ji Rediyo. "Da kun ce injin ne ya buga, da mun san irin zaman da za mu yi."

"Mun yi kuskure a nan, ban musa ba. Amma Baba, duk ranar da muka ambata, da ita ake ɗaure mu. In na yi bayani, a ce uzuri ne. In na yi shiru, a ce raini ne. Akwai lokacin da na daina buɗe dandalin gaba ɗaya, don in na karanta ba na iya aiki. Labarin tangaran ɗinka ne ya mai da ni, abokin aikina ya turo mini, na yi dariya har da hawaye. Sauran kuma, wasu sun yi zafi."

Rediyo ya sosa ƙeya. Ya tuna wani da ya rubuta, inda ya ce ko kunkuru aka ba aikin da ya gama ya yi ritaya.

"Na kunkurun nan," ya ce, "a bar shi a matsayin zafin rana."

Ta yi dariya. Sannan ta faɗi abin da ya sa ta kira. Sabuwar ta kai a gwada, kuma tana neman mutanen da za su wahalar da ita. Shi da ke shiga inda sabis ke ɗaukewa ya dawo, ya sake ɗaukewa, ga kuma kwamfuta a gida, ya dace. Sai dai ta gargaɗe shi: ta gwaji ce, tana iya yin ɓarna, ya riƙa ajiye kwafi.

Bai ji gargaɗin ba. Tun daga kalmar gwaji kunnensa ya toshe da murna. Yana ajiye waya ya bi layin motoci da sauri, yana buga ƙofar kowace, har ya iso ta Dogo.

"Sauko ka yi gaisuwa. Amarya ta tare, kuma a ɗakina ta sauka kafin na kowa."

Da yamma ta sauka a wayarsa. Ya sa tabarau, ya goge yatsunsa a riga, ya taɓa. Ga ma'ajiyoyinsa nan a jere, babi bayan babi, ga wan, ga ƙanin, ga matar wan da Maman yara ta sa aka ba ta baki, duk a tafin hannunsa, a cikin mota, tsakanin sandar giya da kwalbar ruwa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya buɗe babin gada, ya ɗago ƙanin daga cikin ɓaraguzai da karyayyar ƙafa da bakinsa cike da zagi. Ya kira gida.

"Maman yara, kunna kwamfuta. Buɗe na gada. Me kika gani?"

Ya ji ƙarar jan kujera.

"Ya rayu," ta ce. "Amma ka rubuta ƙafa da kuskure."

Watannin da suka biyo baya, Durowar gwaji ta nuna masa halinta. Wata rana ta ninka babi biyu ta saƙa su cikin juna, ya zamana a sakin layi ɗaya ana ɗaure wa ƙanin ƙafa a asibiti, a na gaba yana buga ƙwallo. Wata rana ta juya jerin babobin, littafi ya fara daga ƙarshe. Duk abin da ya gani sai ya aika wa Injiniya da murya, kuma Rediyo bai iya gajeren saƙo ba: sai ya fara da yanayin hanya da lafiyar taya kafin ya iso kan matsalar. Ta roƙe shi ya riƙa fara faɗin abin da ya lalace, labarin ya biyo baya. Ya yi ƙoƙari, wani lokaci.

Sai ranar da ta ci masa rabin babi. A layin sauke kaya ya rubuta shi, wurin da wan ya goya ƙaninsa ya hau da shi tudu, suna tafe suna tona tsofaffin laifuffukan juna. Rubutun ya zubo masa kamar an buɗe famfo. Ya shiga inda babu sabis, ya fito, ya buɗe don ya sake jin daɗinsa, ya tarar da farin shafi. Kwafin da aka ce ya riƙa ajiyewa, bai ajiye ba.

Ya kira Injiniya a tsaye a bakin titi, motoci na wucewa suna kaɗa masa riga. Bai yi zagi ba, amma ta ji a muryarsa. Ta bincika ta ko'ina, ta kira shi daga baya ta ce ya tafi, ba zai dawo ba, ta ba shi haƙuri. Ta ƙara da cewa ta dalilin wannan asarar ta gano ramin da ta daɗe tana nema. Ya ce mata madalla, amma shi ramin da kayansa ya tafi.

Kwanaki ya yi bai taɓa wayar ba sai don kira. Daga baya ya zauna ya sake rubuta babin. Ya fito da kyau, Maman yara ta yaba. Amma har gobe Rediyo yana nan a kan bakansa cewa wancan da ya ɓata shi ne mafi kyawun abin da hannunsa ya taɓa rubutawa, kuma ba mai iya ƙaryata shi tunda ba wanda ya gani.

Ranar da Durowar waya ta fito ga kowa, dandali ya rikice da murna. Mai shayarwar ta ce yaron da take goyo lokacin sanarwar farko yanzu shi ke ƙwace mata wayar. Rediyo ya rubuta cewa ya sauka daga shugabancin masu jira, tunda jama'arsa sun watse. Bai yi sati ba ya koma ya buɗe sabon ƙorafi, wai haruffan sun yi ƙanana ga masu tabarau. Injiniya ta amsa masa da cewa ta ji, amma ba za ta faɗi rana ba.

Littafin a layin sikeli ya ƙare, da safe, rana ta fara zafi, motoci sun yi jerin da ba a ganin ƙarshensa. Ya sa aya ta ƙarshe. Sannan ya buɗe ƙofa ya tsaya a kan matakala ya ƙwala wa Dogo kira.

Kafin a jima direbobi sun taru a inuwar motarsa, wasu a tsugune, wasu sun jingina da taya, mai shayi ma ya matso da butarsa. Rediyo ya sa tabarau ya fara karanta musu babin ƙarshe daga waya, yana canza murya, ta wan mai kauri, ta ƙanin mai tsini. Aka yi dariya inda ya so a yi. Wani dattijo ya ce wannan ƙanin sak nasa ƙanin, har tafiyar. Dogo ya ce shi bai yarda ba, wan nan da shi ake, dubi yadda aka ce yana tauna ashana. Aka kai wurin da wani attajiri ya zo sayen motar, wan ya miƙa hannu zai karɓi makulli daga ƙanin, kowa ya matso kusa.

Daidai nan aka busa usur daga gaba. Layi ya motsa. Motocin baya suka fara danna oda, taro ya watse da gudu, kowa ya nufi tasa yana waiwaye. Rediyo ya faɗa kujera ya tada inji. Yana sa giya ya ga Dogo a gefen tagarsa, yana bin motar da sassarfa, hannu ɗaya riƙe da hula.

"Sun sayar ko ba su sayar ba?"

"Je ka ja motarka, ka tare wa mutane hanya."

"Kai dai faɗa mini."

Rediyo ya ɗaga gilashi yana dariya. Tun daga sikeli har tashar da suka saba tsayawa cin abinci, motar Dogo na manne da bayansa, tana ƙyafta masa fitila. Da suka tsaya, Dogo bai bari ya wanke hannu ba. Ya jawo benci, ya zaunar da shi, ya ce wa mai abinci ta dakata da zubawa, ya karɓi wayar ya riƙe masa da kansa, Rediyo ya gyara tabarau ya ci gaba daga inda wan ya miƙa hannu.